Martani Ga Mai Cewa A Bar Kik Yadda Yake

Wani ɗan'uwa daga cikin masu rubutu a kan sha'anin noma, Allah ya ƙara masa basira, ya fitar da wata maƙala a kwanakin baya, wadda ta zaga hannun masu tantan da makanikai a ƙasar Bagudo tun daga cikin gari har Ka'oje da Illo da Tsamiya, a cikinta kuwa ya yanke hukunci cewa duk wanda ya ƙara wa tsohuwar tantan ƙarfin wuta, ko daga bolt 6 zuwa 12, ko daga 12 zuwa 24 ta hanyar jera batir biyu, babu abin da ya wajaba a kansa game da kik, wato ƙaramin injin nan da ke murza babban inji har ya tashi, face ya bar shi yadda ya same shi. In kuma wata rana ya ƙone, ya yar da shi ya sayi sabo daga kayan da ke shigowa ta iyaka, domin a ganinsa kwance kik da sake gina shi aikin wanda ya rasa abin yi ne. Da maganar ta fito daga bakin wanda ba a saurara wa, da sai a bar ta ta mutu don kanta. Amma malamin mutum ne da ake jin maganarsa, ya kuma faɗe ta ana dab da faɗuwar damina, lokacin da mai tantan ya riga ya karɓi kafin alƙalami daga manoma, hankalinsa a tashe, yana neman duk abin da zai rage masa wahala, saboda haka ya zama tilas a ɗora ta a kan ma'auni.

Adalci ya hukunta a fara da inda ya dace, kuma ba kaɗan ba ne. Tantan ɗin da aka ƙera kafin tsakiyar shekarun 1950, irin su Ford 9N da ta fito a 1939, da ƙanwarta 8N da aka yi daga 1947 zuwa 1952, da Farmall ta Amurka, da Ferguson TE20 da aka ƙera a Coventry ta Ingila daga 1946 zuwa 1956, akasarinsu da batir mai bolt 6 suka zo, ita Ferguson ma sai wajen 1951 ta koma 12. Manoman Amurka da na Ingila sun mayar da masu yawa daga cikinsu kan bolt 12, suka cire dainamo suka sa altaneta, da dama kuwa ba su taɓa kik ba, aka yi shekara da shekaru yana aiki. Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne, domin injin da aka ƙera don ƙaramin matsin wuta dole ya sha wuta mai yawa kafin ya ba da ƙarfin da ake nema, shi ya sa maƙeransa suka naɗa masa jan ƙarfe mai kauri, wanda murzawar daƙiƙa biyu ko uku ba ta ƙona shi. Haka nan malam ya yi gaskiya da ya ce sauya kan batir ɗin da ake ɗaurewa a jikin tantan, daga ja zuwa baƙi kamar yadda altaneta ke bukata, ba ya sa tsohon kik ya juya da baya, tun da wutar da ke bi ta naɗin jikinsa ita ce ke wucewa ta cikin amecha, wato sashen da ke juyawa a cikinsa, in ta juya a ɗaya ta juya a ɗayan, juyi biyu kuwa su mayar da shi inda yake. Duk wannan na sallama masa.

Inda muka rabu shi ne malam ya tsaya a kan jan ƙarfe ya manta da baƙin ƙarfe. A bakin sandar irin waɗannan tsofaffin kik akwai wani ɗan giya mai haƙora, bendis, ƙirƙirar Ba'amurken nan Vincent Bendix da aka fara sa wa mota a 1914. Babu hannun da ke tura shi. A kan wata murɗaɗɗiyar hanya yake zaune, sai amecha ya zabura, shi kuwa nauyinsa ya hana shi bin juyin nan take, ya zame gaba ya faɗa cikin haƙoran zoben da ke kewaye da filawil. Ke nan da ƙarfin zaburar yake shiga, maƙeran kuma a kan zaburar bolt 6 suka auna sifirin ɗinsa da taurin haƙoransa. Da zarar an ninka wutar, shigar ta zama duka, kuma ƙarar nan mai kaifi da mai tantan ke ji ya yi murna, yana cewa yanzu kik ya samu lafiya, ƙarar haƙori ce yana cin haƙori. Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne inji mai silinda huɗu, in aka kashe shi, kusan kullum a ɗayan wurare biyu yake tsayawa, saboda matsin iskar da ke cikin silindojin, don haka dukan ba ya rarrabuwa a kan zoben baki ɗaya. 'Yan haƙora ƙalilan ne a wuraren nan biyu ke shansa safe da yamma har su zube. Ranar da suka zube kik zai yi ta kuka a banza bai kama komai ba, ko ya cije ya ƙi saki, sabon da malam ya ce a saya kuwa ba zai yi maganin wannan ba, sai dai ma lalataccen zoben ya cinye haƙoran sabon.

Wanda bai taɓa ganin ana sauya zoben filawil ba ne zai raina aikin. Irin waɗannan tantan ba a kan wani gadon ƙarfe aka ɗora su kamar mota ba. Inji da giyabos da gindin baya su ne ƙashin bayansu, a ɗaure da juna. Kafin hannu ya kai ga filawil sai an raba tantan biyu daga tsakiya, a tokare gaba, a tokare baya, a janye su daga juna, a cire kuloci, a kwance filawil, a sare tsohon zobe, a gasa sabo da wuta har ya buɗe, a zura shi, a bar shi ya huce ya kama. Aiki ne na kwanaki, shi ma in zoben yana hannu, in kuwa ba a same shi a Birnin Kebbi ko Jega ba sai an aika Sakkwato, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Fanteka a Kaduna. Kik kuwa noti biyu ko uku ne ke riƙe da shi, yaron gareji ma yana iya cire shi. Duk wannan a ƙasar da arzikin daminarta ya rataya a kan fadamun kogin Kwara, inda mai shinkafa ke tsere da ruwa, domin in ruwa ya riga garma hawa fadama to tantan ba ta sake shiga sai baɗi, manomin da ya biya kuɗin haro kuma ba ya cin uzurin makanike.

Batun zafi ma malam ya ɗauki rabinsa ya bar rabi. Ƙa'idar da masana lantarki suka tabbatar ita ce in aka ninka matsin wuta a kan waya guda, wutar da ke gudana a cikinta ninkuwa take yi, zafin da take haifarwa kuwa ninki huɗu ne, ko da yake batir yakan ɗan sunkuya ya rage wani abu daga ciki. Injin da ke da lafiya yana tashi kafin zafin ya taru. Amma wa ke ƙara wa injin da ke da lafiya wuta? Galibi wanda ke wahalar tashi ake yi wa, shi ne kuma ake danne wa kik rabin minti ko minti guda, alhali dokar maƙera ita ce kada murzawa ta wuce daƙiƙa 10 zuwa 15, sannan a bar shi ya huta. Duk mai wayarin da ya daɗe a sana'a ya san alamar: ya buɗe murfin baya ya tarar da dalmar da ta riƙe wayoyin amecha ta narke ta fantsama a jikin murfin ɗigo-ɗigo.

Wannan ya kawo mu ga babbar illar maƙalar, wadda a wurina ta fi duk sauran nauyi, wato ƙiyasin da ya yi. Malamanmu na usulu sun shar'anta cewa ba a ɗaukar hukuncin asali a ɗora wa reshe sai illar da ta jawo hukuncin tana nan a cikin reshen, in kuwa akwai bambanci mai tasiri a tsakaninsu to ƙiyasin ya ɓaci. Asalin da malam ya kafa hujja da shi ƙaramar tantan ce mai shan fetur, mai sauƙin murzawa, mai kik ɗin bolt 6. Reshen kuwa shi ne abin da ke garejojinmu, domin daga gadar Tuga har Lolo da wuya ido ya faɗa kan mai bolt 6. Abin da ake gani Massey Ferguson ne, irin su 135 da aka fara yi a 1964, da 165, da 375, sai ragowar Steyr da aka riƙa haɗawa a Bauchi da Fiat da aka riƙa haɗawa a Kano, dukansu masu shan gas, dukansu kuma a kan bolt 12 aka haife su. Injin gas ba shi da fulogi. Zafin iskar da fistan ya matse shi ke kunna man, saboda haka nauyin murza shi ya fi na mai fetur nesa ba kusa ba. Kik ɗinsa kuma yana ɗauke da solonoyid a bayansa, wanda ke tura bendis ya shiga kafin ya saki babbar wuta, shi kuwa da siririyar waya aka naɗa shi. Kaurin wayar da ya ceci kik ɗin Ford, wanda shi ne illar hukuncin, babu shi a cikin solonoyid. A ba shi bolt 24, zai yi zafi ya gasa rufin wayarsa, ko bakunan da ke haɗa wuta a cikinsa su narke su manne, kik ya ci gaba da juyi bayan inji ya tashi, mai tantan yana ta faman neman sifana ya kwance kan batir. Hitar da ke ɗumama iska da sanyin safiya ma ba ta tsira ba, altaneta mai bolt 12 kuwa ba ta da ikon cika batir biyu da aka jera ɗaya bayan ɗaya.

Ina kyautata zaton cewa shubuhar ta shigo ne daga abin da idon mutane ya saba gani. Tsofaffin Ferguson masu shan gas da batir biyu suka zo, amma kowanne mai bolt 6 ne, jimlarsu 12. Manyan motocin da ke ɗaukar kaya zuwa Tsamiya da Lolo su ma batir biyu gare su a jere, amma kik ɗinsu da altanetarsu da fitilunsu duk don bolt 24 aka yi su. Har akwai wasu tsofaffin manyan motoci masu wata na'ura da ke jera batura su ba da 24 a lokacin tayarwa kaɗai, ta mayar da su 12 in inji ya tashi, su ma kik ɗin 24 aka sa musu tun daga masana'anta. Wanda ke son ƙarin juriya a kan tantan mai bolt 12 yana da hanya ta halal: ya haɗa batura biyun gefe da gefe, ja da ja, baƙi da baƙi, matsi ya tsaya a 12, taskar wutar ta ƙaru.

Sannan injin gas da ke ƙin tashi magana yake yi, ƙarin wuta kuwa toshe masa baki ne. Ko ringi sun cinye matsi ya ragu, ko nozul suna tsiyayar da mai maimakon su fesa shi, ko iska ta shiga bututun mai, ko kuma, abin da ya fi yawa kuma ya fi arahar gyara, kawunan batir sun yi gansakuka, wayar da aka ɗaure a jiki ta yi tsatsa, ko wani ya sauya asalin waya mai kauri da siririya ta ƙaramar mota. Mai san noman da ya ga sansa ya gaza jan garma, maimakon ya duba bakinsa da abincinsa sai ya sayo bulala mafi kauri, zai ƙare huɗar yau, amma kowa ya san inda zancen zai kwana. Da mita ta 'yan kuɗi kaɗan ana gane gaskiya: a auna batir yayin da ake murzawa, in ya faɗi ƙasa da wajen bolt 9.6 laifinsa ne ko na kik mai shan wutar da ta wuce ƙima. A auna abin da ke salwanta a cikin wayoyi, in ya haura rabin bolt to a nan cutar take.

Na zo kan shawararsa ta biyu, ta yar da tsoho a sayi sabo. Zama a bakin iyaka yana sa mutum ya ɗauka kasuwar Kwatano a bayan ɗakinsa take, alhali mun ga yadda aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019 aka haura shekara, mun kuma ga yadda naira ta zube a gaban sefa tun daga tsakiyar 2023, har abin da ake tsallakawa Segbana ko Malanbil a sayo da sauƙi ya zama sai an yi shawara. Ko an samu kuɗin, ba duk kik da ya shiga ramin ne ya dace ba. Sai adadin haƙoran bendis ya yi daidai da zobe, sai nisan da yake miƙewa ya yi daidai, sai ya juya ta ɓangaren da injin ke juyawa. Wasu sababbin ma da maganaɗisu aka yi su a madadin naɗin jiki, waɗannan kuwa, saɓanin tsofaffin, in aka sa su a tantan da har yanzu jan kan batir ke ɗaure a jikinta, da baya za su juya. Tsohon kik irin na kamfanin Lucas an ƙera shi ne don a riƙa buɗe shi. Abin da ke cinyewa a cikinsa ƙananan abubuwa ne masu araha, jikinsa da sandarsa kuwa suna iya fin mai su tsawon rai. Yar da irin wannan saboda burushi huɗu almubazzaranci ne, ko da an kira shi ci gaba. Tarihin tantan a Arewa ma ya isa wa'azi, tun daga shirin noman Mokwa da Turawa suka fara a 1949 suka janye hannu a 1954, wanda tsadar tafiyar da injuna da yawan lalacewarsu na cikin abin da ya karya shi, har zuwa gawawwakin tantan da ke jibge a harabobin ma'aikatu, da yawansu ƙaramin abu ne ya fara kwantar da su.

Abin da nake kira gare shi ba wani babban ijtihadi ba ne: ranar da aka taɓa wutar tantan, ranar a cire kik a kai wa mai wayarin. Zai wanke shi, ya sauya burushin da suka gajarce, ya gwada ƙarfin sifirin da ke danna su. Zai goge wuyan amecha, inda burushi ke gogawa, da samfefa mai laushi, in ya yi rami a kai shi injin dabbara ƙarfe a daidaita shi. A nan sai a yi hattara, domin littattafan Lucas sun ce a rage tsayin abin da ke raba yankunan jan ƙarfen a wuyan dainamo, amma sun hana yin haka a na kik, kuma masu koyo sukan gauraya hukuncin biyu. Zai gwada da ƙwan fitila ko wuta na zurara daga naɗi zuwa jiki. Zai sauya bushin gaba da na baya, waɗanda in sun cinye amecha ke gogar jikin kik ya yi nauyi har a zargi batir da laifin da bai yi ba, sababbin kuma a jiƙa su cikin man inji kwana ɗaya kafin a buga su, tun da ƙarfensu mai shan mai ne. Murɗaɗɗiyar hanyar bendis a wanke ta a bar ta ba giris, domin giris da ƙurar hunturu in sun haɗu laka suke zama, su riƙe shi. In kuwa tantan ɗin ta bolt 6 ce da gaske aka mayar 12, to maganin dukan da na ambata shi ne a sa wa kik naɗin jiki na bolt 12, ko, a irin waɗanda naɗinsu ya rabu reshe biyu, gwani ya jera rassan ɗaya bayan ɗaya, zaburar ta yi laushi; a sa sabon bendis, a bar masa wayoyinsa na asali masu kauri, a sauya koyil da ƙwayayen fitila. Dabarar da wasu ke yi ta sa doguwar siririyar waya don ta shanye rarar wuta ba gyara ba ce, kunna murhu ne a gefen tankin mai. Kuma kada a bar kik yana gudu a kan teburin gwaji babu kaya a kansa, domin irinsa ba shi da linzamin kansa, yana iya gudu har ya watsar da naɗinsa.

Akwai wata amana da maƙalar ba ta ko ambata ba, ita ce ta rai. Maƙeran Ferguson da sandar giya kanta suka sa ake tayar da TE20, don kada ta tashi tana cikin giya. Maɓallin Ford 8N ba ya dannuwa sai giya na sake. Massey 135 ma sai an ajiye ƙaramar sandar giya a gurbinta na tayarwa. Sau da yawa a wurin sauya wayoyi ake tsallake wannan kariya, in kuma solonoyid ya ƙone saboda bolt 24, sai a koma haɗa bakunansa da sukundireba, mutum yana tsaye a ƙasa, daidai gaban babbar tayar baya. Injin gas mai ɗumi da murzawa guda yake tashi, in kuwa yana cikin giya tafiya zai yi.

Tun da mas'alar ta ido ce, babu bukatar mu tsawaita jayayya a takarda. Allah ya gafarta malam, ka zaɓi tantan guda da ta yi damina biyu a kan ninkin wutarta ba a taɓa mata kik ba, a kwance notin nan uku a gaban makanikan da ka yarda da su, a haska tocila ta ramin, wani ya riƙa juya injin a hankali da hannu har zoben ya kewayo. In haƙoran wuraren da injin ke tsayawa sun fito daidai da 'yan'uwansu, kuma ba a ga dalma a murfin kik ba, hujjarka ta tsaya. In ba haka ba, sai a sake wa maƙalar hukunci kafin ruwa ya sauka.